Uwargida, Ina Kika Ajiye Takardun Asibitinki?

Galibinmu mun san na'urar nan da ake goga wa mai juna biyu a ciki a ga jariri, wadda muke kira sikanin. To, ba ciki kaɗai take dubawa ba. A wuyan kowaccenmu akwai manyan jijiyoyi biyu, dama da hagu, masu kai jini ƙwaƙwalwa. Tun 1986 wasu likitoci a Italiya suka nuna cewa da wannan na'ura ana iya auna kaurin bangonsu.

Me ya sa ake awon? Da shekaru suka ja, kitse kan taru a bangon jijiya, ya yi kauri, hanyar jini ta tsuke. Hawan jini da ciwon sukari da shan taba suna hanzarta abin. Ƙarshensa shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya. Jijiyar wuya tana kusa da fata, saboda haka ita ke ba likita labarin 'yan'uwanta da ke ɓoye a zuciya.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Bangon nan a jikin mai lafiya bai cika kai milimita 1 ba, abin da yake ƙaruwa a shekara kuwa bai kai kaurin silin gashi ba. Ga jijiya ba ta tsayawa cik, tana buɗewa tana tsukewa da kowane bugun zuciya. In kin ɗan karkata wuya, ko mai awo ya ɗan gusar da hannu, hoto ya sāke. Don haka sai an ɗora hoton bana a kan na bara sun yi daidai wa daida, kamar yadda mai ɗinkin hula ke daidaita zane kafin ta soka allura. Masana sun koya wa kwamfuta wannan aiki. Takan nemi alama, kamar inda jijiyar ta rabu biyu a ƙarƙashin muƙamuƙi, ta jera hotunan a kanta, sannan a ga ko ciwo gaba yake yi ko magani ya tsayar da shi.

Kin ga ke nan hoto ɗaya rabin labari ne. Nan ne laifinmu yake. Uwargida ta san adadin kwanukan da ke jere a ɗakinta, amma takardar asibiti sai a same ta an naɗe ƙosai da ita. In babu na bara, da me likita zai gwada na bana? Ki samu jaka guda ki riƙa tara katinki da hotunanki da sakamakon awon jini, ki tafi da su duk ran da za ki ga likita. In da hali, ki koma inda aka yi miki awon farko.

Ba cewa nake yi kowacce ta ruga a ɗauki hoton wuyanta ba. Ko a Amurka, a 2013 ƙungiyoyin likitocin zuciya sun ce ba awo ne na kowa da kowa ba. Likita ke sanin wadda ta dace. Abin da ya wajaba a kanmu duka shi ne awon hawan jini, musamman wadda jininta ya taɓa hawa lokacin goyon ciki, da wadda al'ada ta ɗauke mata, domin haɗarinsu ya fi yawa. A rage gishiri da kanwa da maiƙo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum kusan miliyan 18 a 2019. Kada mu ce ciwon maza ne.

Ku kuma 'yan mata 'yan makaranta, ku dāge da lissafi da kimiyya. Daidaita hotunan nan aikin lissafi ne, iyayenku mata kuwa sun fi sakin jiki in mace ce ke riƙe da na'urar.

Allah ya ba mu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.