Gyaran Gida: Gani Ya Kori Ji

Akwai mutane da yawa waɗanda in an hwaɗa musu abu da sahe, kahin azahar sun mance. Amma in sun ga abin da idonsu sau guda, ya zauna. Wanga ba rashin hankali ba ne. Makiyayi shina sanin shanunshi ɗaya bayan ɗaya ta launi da ƙaho da shaidar kunne, ko da bai iya rubuta sunanshi ba. Mai ƙosai tana zana bashi ga bango da gawayi, kuma ba ta ɓata lissahi. To, wannan dabara ita ya kamata a shigo da ita cikin gida.

Wani magidanci na Sabon Gari, mai noman rani wajen Jiratawa, ya sayo maganin ƙwari don zogalenshi. Mai saidawa ya zuba mishi cikin butalin lemo. Da ya komo gida, ya aje shi ga taga, kusa da butalin man gujiya. Da magariba uwargida ta aiki ɗiyarta ta ɗauko mai. Yarinya ta kawo maganin. Saura kaɗan a zuba cikin miya, sai uwar ta ji wari. Allah ya kiyaye. Yarinya ba ta da laihi: butali biyu iri ɗaya, wuri ɗaya, babu shaida.

Na hwarko, a bar ma ja aiki ɗaya cikin gida: haɗari. Maganin ƙwari, da na ɓera, da kananzir, kowane a ɗaure mishi jan tsumma ga wuya. A aje su sama, nesa da madahi, inda hannun yaro ba ya kai. In da akwati mai kwaɗo, ya hi. A bar magani cikin abin da ya zo da shi, don kuwa ga gindin takardar jikinshi ana sa launi. Ja shi ne mahi haɗari, sannan ruwan ɗorawa, sannan shuɗi, sannan tsanwa. Hoton ƙoƙon kai da ƙashi biyu, ma'anarshi guba ce mai kisa. Wanda anka zuba cikin butalin lemo ya rasa duk wanga gargaɗi. Kuma bidon da ya taɓa ɗaukar magani ba ya komawa ɗaukar ruwan sha, ko an wanke shi sau goma.

Na biyu, a raba iri da abinci. Irin hatsi ko na wake da anka sa ma magani, ba a cin shi, ba a ba kaji. Shi ma a ɗaure mishi jan tsumma, a aje shi daban. Waken ci kuwa, a zuba shi cikin buhu mai riɓi ukku, wanda ake kira PICS. Malaman bincike na INRAN na Maraɗi suna cikin waɗanda sunka gwada shi, tare da wata jami'a ta Amurka mai suna Purdue, an hwara yaɗa shi tun 2007. Leda biyu ciki, buhu ɗaya waje, kowane a ɗaure bakinshi daban. Iska ba ta shiga, ƙwari su mutu, ba a sa magani ko kaɗan. A ɗaure ma wanga buhu hwarin tsumma, kowa ya san na tukunya ne.

Na ukku, lissahin rumbu. Ranar da ake zuba hatsi, kowane dami a jeha tsakuwa ɗaya cikin tsohuwar tukunya. Duk ranar da anka hidda dami, a hidda tsakuwa. Mai gida ya leƙa tukunya, ya san abin da ya rage mishi kahin damina. In ya ga tsakuwa ta yi ƙasa tun bazara ba ta kama ba, sai shi yi tattali tun da wuri. Kada shi ɗauki hatsi shi kai kasuwar Tibiri ran Laraba, ya komo shina sayen tiya da tsada lokacin noma.

Na huɗu, takardu. Takardar haihuwa, da karnen rigakahi na yara, da takardar gona ko ta hili, a sa su cikin leda, a sa ledar cikin gwangwani mai murhi, a rataye sama. Ruwan da anka yi Maraɗi ƙarshen watan Agusta na 2024 ya rushe gidaje da yawa. Mai gudun ruwa da dare ba shi da lokacin bincike. Gwangwani ɗaya, ƙusa ɗaya, kowa ya san wurin. Kowane yaro a ɗaure ma karnenshi zare mai launi daban, don kada uwa ta kai na wa wurin awon ƙane.

Na biyar, kayan aiki. A kahe ƙusa ga bangon zaure, a rataye hauya da kalme da lauje da gatari. Sannan a bi gehen kowane da gawayi, a zana sihharshi ga bango. In maƙwabci ya ari lauje, zanen shina nan wayam, shina tuni.

Mata sun daɗe da sanin wanga aiki. Duba jeren amarya: kwano bisa kwano, tasa bisa tasa, in ɗaya ta ɓace ido ya gani nan take.

Wanda ke zuwa makarantar yaƙi da jahilci, shi ƙara abu guda. Ƙarƙashin kowane zane shi rubuta sunan abin da manyan baƙaƙe: LAUJE, IRI, GUBA. Kullum shina gani, shina karantawa, yara su ma suna gani. Ga gida ya gyaru, ga karatu ya zauna.

Jan tsumma da gawayi da tsakuwa ba su cin ko dala. A hwara da maganin ƙwari, yau ɗin ga, kahin a kwanta. Allah shi tsare iyali, amin.