Tsintsiya da Fitila: Ma'anar Ceto a Gidajen Njamena

Kalmar "ceto" tana cikin kalmomin da Bahaushe Musulmi da Bahaushe Kirista suka yi tarayya a kansu, ko da yake kowa da inda ya ajiye ta. A bakin Musulmi takan nufi ceton da Manzon Allah zai yi wa al'ummarsa ranar alƙiyama. A bakin Kirista kuwa, wanda ya samu cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, tana nufin kuɓutar da ɗan Adam daga zunubi da mutuwa ta hannun Yesu Almasihu. Amma a ƙarƙashin ma'anonin biyu akwai ta asali, wadda ko yaro ya sani: a tsamo wanda ruwa ke ci.

A Njamena, babban birnin Chadi, wannan ma'ana ta asali ba ta buƙatar malamin fassara. Birnin yana zaune a mahaɗar kogunan Shari da Logon, yana kallon Kusuri ta Kamaru daga tsallake. A watan Oktoba na 2022 ruwa ya cika ya tumbatsa, ya shiga unguwar Walia ɗaki bayan ɗaki, har gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci. Da kwalekwale aka riƙa kwashe mutane da tabarminsu da tukwanensu. Wanda aka taɓa miƙa wa hannu daga cikin kwalekwale ya fahimci abin da Kirista ke kira alheri fiye da wanda ya haddace babinsa, domin ba a tambayi kowa tarihin halinsa kafin a ja shi ciki ba.

Saboda haka ina goyon bayan Kiristocin birnin, na Mursal da Shaguwa da Walia, idan suka nemi darasin ceto a tsakar gida. Ba baƙon abu suka ƙirƙiro ba. Misalan Yesu da yawa daga madafa da ɗaki suka fito: yisti cikin gari, gishirin da ya sane, fitilar da ba a kife ta da kwano, sabon ƙyalle a kan tsohuwar riga. Sai dai ina da ja a kan yadda ake yawan juya waɗannan misalai.

Mu ɗauki wanda ke cikin Luka sura 15. Wata mace tana da tsabar azurfa goma, ɗaya ta ɓace. Ta kunna fitila, ta share ɗaki, ta yi ta lalube har ta samu, sannan ta kira ƙawaye da maƙwabta su taya ta murna. Kowace tsaba a zamanin tana kusan daidai da ladan aikin yini guda, don haka asarar ba ta wasa ba ce. Matar Njamena da ke lissafin cefane da riyal, wato sefa biyar biyar kamar dalar mutanen Nijar, ta san wannan laluben, musamman idan an ɗauke wuta sai hasken waya. To, wa ke riƙe da tsintsiya a misalin? Shi ne wurin da ya kamata mai karatu ya tsaya. Tsabar da ta ɓace ita ce ɗan Adam, kuma ba ta yi komai ba. Tana kwance cikin ƙura, ba ta ma san ana nemanta ba. Mai sharar ce ke wakiltar Allah mai neman ɓatacce. Yesu ya jera ta tsakanin makiyayin da ya bi tunkiyarsa da uban da ya tari ɗansa almubazzari, bai kuma rage mata daraja ko kaɗan ba.

Amma sau nawa ake jin misalin a haka? Abin da ya fi yawa shi ne a mayar da shi gargaɗi ga mata: ki zama mai tsabta, ki zama mai tattali, ki yi haƙuri, mahaƙurci mawadaci. Tsabta da tattali abin yabo ne, ba musu. Sai dai idan darasin ya tsaya nan, an ɗauki labarin da ke cewa ceto kyauta ne an mayar da shi jerin ayyuka, kuma aka ɗora jerin a kan wadda aiki ya riga ya yi wa yawa. Maigida ya fito daga sujada yana jin an yi wa matarsa wa'azi, alhali shi ne tsabar da ke ƙarƙashin gado.

Akwai haɗari na biyu, wanda ya fi na farko ɗaci. Mai neman darasi a cikin komai yakan kai ga tsarkake wahalar da hannun mutum ya haddasa. A farkon 2009, lokacin da gwamnatin Idris Debi ta tsananta haramcin gawayi don kare itatuwa, gidajen Njamena da dama sun rasa abin hura wuta, gas kuwa ya fi ƙarfin talaka. Ana iya tsayawa a kan mumbari a ce murhun da ya mutu hoton zuciyar da ta yi sanyi ne. Magana ce mai daɗin ji, amma ba ta dafa tuwo. Haka ambaliya: kwalekwale na iya zama hoton alheri, amma madatsar da ba a gyara ba da magudanar da ta toshe tambayoyi ne da ke jiran amsar hukuma, kuma mai wa'azin da ya lulluɓe su da sunan jarrabawa ya taimaki wanda ya yi sakaci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada a ce masa yoyon albarka ne.

Littafin da kansa bai yarda a bauta wa aikin gida ba. A Luka sura 10, Marta tana ta hidimar baƙi, ta kai ƙarar 'yar'uwarta Maryamu da ta zauna tana sauraron koyarwa, sai Yesu ya goyi bayan wadda ta zauna. A gidajen da mace ke tashi kafin kowa ta kwanta bayan kowa, wannan labari yana da nauyin da ba a cika son ɗagawa ba, domin yana nufin wani ne zai karɓi muciya kafin ita ma ta samu zama. A Njamena, inda ake tuƙa tuwon da Larabawan Chadi ke kira esh, duk wanda ya taɓa juya tukunyar gidan mutum goma a zafin watan Afrilu ya san tsawon lokacin da ake magana a kai.