Ɓarakar mita huɗu da ta cinye gonakin albasa

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa mazaunin Samaru da teku, alhali ruwan da ya fi sani shi ne Kubanni? Ni ma haka nake gani a da, har sai da na bibiyi abin da ya faru a birnin Sanluwi na ƙasar Senegal.

A farkon Oktoban 2003, zamanin Shugaba Abdullahi Wade, Kogin Senegal ya cika yana barazanar cinye birnin. Tsakanin kogin da Tekun Atlantika akwai wata siririyar jigawar yashi da ta daɗe tana tare teku. Sai hukumomi suka yanke ta cikin gaggawa, suka buɗe kafa mai faɗin mita 4 domin ruwa ya fice. Birni ya tsira a wannan damina. Amma garin neman gira aka rasa ido, domin igiyar ruwa ta ci gaba da zaizayar bakin kafar har faɗinta ya kai kilomitoci.

Abin da ya biyo baya shi ya fi tayar mini da hankali. Ruwan gishiri ya riƙa kutsawa cikin kogi duk lokacin da teku ta tumbatsa, sannan ya tsatsafa ta ƙarƙashin ƙasa. Rijiyoyin yankin Gandiyol suka koma zartsi, gonakin albasa da kayan lambu da dama suka daina bayarwa. Kifin ruwan daɗi ya ja da baya, na teku ya maye gurbinsa. Itatuwan da aka dasa don riƙe yashi suka zube, tsibirin da tsuntsaye ke ƙwai ya zaizaye, mutanen ƙauyen Dun Baba Jey kuwa suka kwashe nasu ya nasu. Masunta masu yawa sun rasa rayukansu wajen tsallake wannan kafa.

Manomin rani na Kadawa ba baƙo ba ne ga wannan cuta. Ya san idan farin gishiri ya fito a fuskar ƙasa, saiwa ba ta iya jan ruwa, sai shuka ta yi yaushi ƙafarta cikin laima. Shiga gishiri sauƙi gare shi, fitar da shi ne aikin shekaru.

To, mu ma muna da namu. Teku ta cinye babban ɓangaren garin Ayetoro a Jihar Ondo. A Agustan 2012 ta share gaɓar Kuramo a Legas, inda aka yi asarar rayuka. Ga shi a 2024 Gwamnatin Tarayya ta fara hanyar Legas zuwa Kalaba mai tsawon kimanin kilomita 700, wadda za ta ratsa yashi da fadamun bakin teku. Kuɗin na ƙasa ne baki ɗaya, 'yan uwanmu kuma dubbai ne ke neman abinci a waɗannan garuruwa.

Don haka ina kira ga sanatocinmu na Arewa da su nemi a baje rahoton nazarin muhalli na kowane sashe na hanyar a gaban majalisa, a kuma bayyana inda ake ɗebo yashin cike fadamun. Masana ƙasar noma na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, waɗanda ke da tashar gwaji a Kadawa, sun cancanci a gayyace su zaman su duba wannan rahoto.