Raddi Ga Mai Cewa Labarin Fyaɗe Madubin Rayuwa Ne

Malam, na ga amsar da ka ba ƴar'uwar nan ta Baleyara da ta koka kan littattafan soyayyar da ake turawa a WhatsApp, waɗanda gwarzonsu ke yi wa yarinya fyaɗe a farkon labari, ya zama angonta a ƙarshe. Ka ce ta cika ƙorafi. A ganina ta fi ka fahimtar abin da ta karanta.

Ka ce marubuci madubi ne, abin da ke faruwa yake nunawa. To, ai ba ta ce kada a rubuta fyaɗe ba. Kukanta shi ne yadda ake yi masa ado. A cikin waɗannan labarai mai laifin kullum ɗan masu kuɗi ne, kyakkyawa, miskili, ko dai ya sha ƙwaya ko an yi masa sammu, don dai a sama masa uzuri tun kafin ya aikata. Yarinyar kuwa shafi biyu ake ba ta ta yi kuka, sauran littafin na nadamarsa ne da kishinsa da motocinsa. Je ka kasuwar Baleyara ranar Lahadi, inda masu loda labaran murya a katin salula suke zama a bakin hanyar Yamai zuwa Filinge. Mai saye sau da yawa ƴar talla ce da tiren kwaɗon zogale a kai, wadda ko lakwal ba ta gama ba. Da kunne take sha, kuma abin da take ji shi ne wanda ya keta mata haddi yana iya zama rabonta.

Sai batun da ka fi jinginuwa da shi, wai auren yarinyar da mai laifin ya yi tuba ne da sutura, kuma addini na son sutura. A nan ka yi wa fiƙihu ƙage. Buɗe Muwaɗɗa ta Imamu Malik, babin hukunci kan matar da aka tilasta. An kawo cewa Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya hukunta wa wanda ya tilasta mace biyan sadakinta. Malik ya bayyana cewa haddi yana kan namijin, ita babu uƙuba a kanta. Sadakin nan diyyar ɓarnar da ya yi ce, ba kuɗin ɗaura aure ba ne, kuma babu inda aka ce a miƙa masa ita ya tafi da ita gidansa. Ko dokar laifuka ta Nijar ɗaurin shekara 10 zuwa 20 ta yanka wa mai fyaɗe. Marubucin da ya musanya gidan kaso da ɗakin amarya daga aljihunsa ya ciro hukuncin.

Ka ambaci Balaraba Ramat Yakubu, ka ce ita ma ta rubuta irin wannan. Da ka bar ta, don shaida ce a kanka. A cikin Wa Zai Auri Jahila? na 1990, Abu ƴar shekara 13 ce aka cire daga makaranta aka ba Sarkin Noma. Balaraba ba ta ɓoye azabar da yarinyar ta sha a hannunsa ba, amma ba ta taɓa sa ta ƙaunace shi ba. Abu gudu ta yi, ta nemi ilimi. A Nijar, ƙasar da alƙaluman UNICEF ke cewa kashi 76 cikin ɗari na ƴan mata ana aurar da su kafin shekara 18, ina ganin ƙauyukanta sun fi buƙatar labarin Abu.

Cewa mata ne ke rubutawa, mata ke karantawa, wannan ba hujja ba ce. Mai kukan ma mace ce.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne zargin da ka yi mata na son a maimaita abin da ya faru a Kano a 2007, lokacin da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafai da sunan shirin A Daidaita Sahu. Ita ba ashana ta nema ba. Ta sayi labari da kuɗinta, ta saurara har ƙarshe, ta ce an zalunci yarinyar ciki sau biyu, na biyun da alƙalamin marubuci. Ka amsa mata wannan, ka bar maganar wuta.