Wanda ya sayar wa sojojin Myanmar jirgin yaƙi yana da hannu a jinin ƴan Rohingya

Cikin watan Maris na 2025, Shugaba Vladimir Putin ya tarbi Janar Min Aung Hlaing a fadar Kremlin da karramawar da ake yi wa shugabannin ƙasa. Watanni kaɗan kafin nan, cikin Nuwamban 2024, babban mai gabatar da ƙara na kotun hukunta manyan laifuka ta duniya, CPI, ya nemi a ba da sammacin kama wannan janar bisa korar ƴan ƙabilar Rohingya da gallaza musu.

Laifin ba ɓoyayye ba ne. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1982 ta mayar da ƴan Rohingya, waɗanda galibinsu musulmi ne, baƙi a ƙasar da aka haife su. Daga watan Agustan 2017 sojoji suka afka wa ƙauyukansu a jihar Rakhine da kisa da fyaɗe da ƙone gidaje, har mutane sama da 700,000 suka tsere zuwa Bangladesh. Har yau suna jibge a sansanonin Cox's Bazar. Min Aung Hlaing ne babban hafsan sojojin a lokacin, kuma shi ne ya kifar da gwamnatin farar hula ranar 1 ga Fabrairun 2021.

Duk da haka kasuwa ba ta tsaya ba. Rahoton da jami'in Majalisar Ɗinkin Duniya Tom Andrews ya fitar cikin Mayun 2023 ya nuna sojojin sun shigo da makamai da kayan yaƙi na aƙalla dala miliyar 1 tun bayan juyin mulkin, mafi yawansu daga Rasha da Sin, wasu kuma ta hannun kamfanonin Singapore da Indiya da Thailand.

Masu kare wannan hulɗa sukan ce lamarin na cikin gida ne, kuma in aka yanke zumunci an rufe ƙofar sulhu. Sin tana da dogon iyaka da Myanmar, da bututun mai da iskar gas da suka taso daga gaɓar Rakhine. Dole ta yi magana da maƙwabciyarta. Amma wane sulhu ne ke buƙatar jiragen yaƙi? Kuma matsalar da ta kwararo da ɗaruruwan dubban mutane cikin wata ƙasa ta daina zama ta cikin gida.

Ƙaramar ƙasar Gambiya ta nuna abin da ya kamata. Cikin Nuwamban 2019 ta kai Myanmar gaban kotun duniya ta CIJ bisa zargin kisan ƙare dangi, da goyon bayan ƙungiyar ƙasashen musulmi ta OCI. Ministocin harkokin wajen wannan ƙungiya sun yi taronsu karo na 47 a Yamai cikin Nuwamban 2020, kuma batun Rohingya na cikin abubuwan da suka tattauna.

Saboda haka ƙasashen OCI da ke ƙulla sabon ƙawance da Mosko da Beijing suna da bakin magana. Wajibi ne su faɗa wa waɗannan ƙawaye, a bainar jama'a, su dakatar da sayar wa Min Aung Hlaing makamai, su daina shimfiɗa masa jan darduma, har sai ƴan Rohingya sun koma gidajensu da takardun zama ƴan ƙasa a hannu.