LAFIYAR IYALI: 'Yan Biyu Iri-Iri Ne, Uwargida

A wannan watan za mu tattauna ne a kan tagwaye, wato 'yan biyu. Idan aka yi haihuwar 'yan biyu a garuruwanmu, ko a Ikara ne, ko Makarfi, ko Kudan, tambayar da 'yan barka suka fi yi ita ce, "Suna kama?" To amma akwai tambayar da ta fi wannan muhimmanci, wadda tun cikin yana ƙarami ya kamata a yi ta: mabiyiyarsu ɗaya ce ko biyu? Domin ki gane dalili, bari mu fara da yadda ake samun su.

Kashi na farko su ne 'yan biyu masu ƙwai biyu. A bisa al'ada, ƙwai ɗaya mace ke saki a kowane wata. Wani lokaci sai ta saki biyu, kowanne ya haɗu da tasa ƙwayar maniyyin. Waɗannan wa da ƙani ne kawai da suka zauna ciki ɗaya. Suna iya zuwa maza, ko mata, ko Hassan da Hussaina, kuma kamanninsu ba ya wuce na sauran 'ya'yanki. Kowannensu na da mabiyiyarsa da jakar ruwansa. Su ne suka fi yawa, kuma su ne ake gado, musamman ta wajen dangin mace, tunda ita ke sakin ƙwan. Macen da ta haura shekara talatin, da wadda ta yi haihuwa da yawa, da mai shan maganin neman haihuwa na asibiti, sun fi samun irinsu.

Kashi na biyu su ne masu ƙwai ɗaya. A nan ƙwai ɗaya ne da ƙwayar maniyyi ɗaya, sai Allah cikin ikonSa Ya raba shi biyu, kamar yadda kike ɓara goro ɗaya gida biyu. Su ne masu kamar da ko dangi sai sun rikice, kuma jinsinsu ɗaya ne, maza biyu ko mata biyu. Adadinsu kusan ɗaya ne a ko'ina a duniya, wajen 3 zuwa 4 a cikin haihuwa 1,000.

A wannan kashi na biyu, ranar da ƙwan ya rabu ita ce magana. Idan ya rabu a kwana uku na farko, kowane ɗa zai samu mabiyiyarsa da jakarsa. Idan tsakanin kwana 4 zuwa 8 ne, za su haɗa mabiyiya ɗaya amma jaka biyu, kuma wannan shi ya fi faruwa. Daga kwana 8 zuwa 13 kuwa, mabiyiya ɗaya jaka ɗaya, ba abin da ya raba tsakaninsu. Idan rabuwar ta makara ta wuce haka, to a nan ne ake haifar su manne da juna. Wannan ba aikin iska ba ne, ba kuma wani abu uwar ta ci ko ta tsallaka ba. Ba kasafai yake faruwa ba, kuma ana dacewa da aikin raba wasunsu: an yi a Asibitin Ƙasa na Abuja a 2019, an kuma raba wasu 'yan mata daga Arewacin Nijeriya a birnin Riyadh na Saudiyya a 2023 da 2024.

Kada ki ɗauka haihuwar 'yan biyu abu ne mai nisa da ke. An fi jin sunan garin Igbo-Ora na Jihar Oyo wajen yawan tagwaye, amma mu ma ba a bar mu a baya ba. Wani bincike da aka yi a asibitin haihuwa na Katsina, a kan matan Hausawa da suka haihu daga 1974 zuwa 1978, ya samu kusan 40 cikin kowace haihuwa 1,000 'yan biyu ne. Lissafin asibiti yakan ɗan fi na gari yawa, saboda masu wahalar naƙuda ake kaiwa can, amma duk da haka adadin ba kaɗan ba ne.

To me ya sa muka damu da mabiyiya? Saboda ita ce tukunyar abincin ɗan da ke ciki. Idan 'ya'ya biyu suka haɗa guda, jijiyoyin jininsu kan haɗe, sai wani lokaci jini ya riƙa tafiya daga ɗaya zuwa ɗayan, wannan ya tsumbure, wancan kuma jini ya yi wa zuciyarsa yawa. Wannan kan samu kamar ciki ɗaya cikin goma na masu mabiyiya ɗaya. Masu jaka ɗaya kuwa, cibiyoyinsu na iya sarƙewa. Shi ya sa likita ke son ganin mai irin wannan ciki duk bayan mako biyu daga mako na 16, kuma yakan tsara haihuwarta kafin wata tara ya cika.

Abin lura a nan shi ne, girman ciki ko lalube ba sa nuna wannan. Hoton ciki ne ke nunawa, kuma ya fi fitowa sarai tsakanin mako na 11 da na 14, wato wajen wata uku. Mu kuwa a lokacin nan ne muke ɓoye ciki saboda kunya, ba ma zuwa awo sai ya kai wata shida ko bakwai, lokacin da gane adadin mabiyiya ya yi wuya. Haƙiƙa wannan kunyar tana cutar da mu.

Saboda haka uwargida, da zarar kin yi ɓatan wata biyu, ki nemi izinin maigida ki fara awo a asibitin da ke kusa da ke, ki tambayi inda za a yi miki hoto. Idan aka ce biyu ne, ki buɗe baki ki ce, "Mabiyiyar nawa ce?" Ki riƙe shan maganin ƙarin jini, domin mai 'yan biyu ta fi saurin ƙarancin jini da hawan jini. Ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, kumburin fuska, zubar jini, ko ciki ya yi girma farat ɗaya, duk ba abin jira ba ne.

Haka kuma 'yan biyu sukan zo kafin lokaci, na biyun yakan juya kwanciya bayan fitowar na farko, uwar kuma ta fi haɗarin zubar jini. Don haka haihuwarsu ba ta ɗaki ba ce, komai ƙwarewar ungozoma. Ku zauna da maigida tun ciki na wata shida ku tanadi kuɗin mota da wanda zai ba da jini, musamman idan kina ƙauye kuma damina ce. Idan daga asibitin Ikara, Makarfi ko Hunkuyi aka tura ki Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kada ki tsorata, kada kuma ki dawo gida ki zauna.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana Hassan da Hussaini, har su ga Gambonsu. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.