Mun Kama Anko, Mun Saki Bishara

'Yan'uwa cikin Almasihu, mu faɗa wa juna gaskiya. Mukan kwashe awa uku muna gardama kan launin anko da kujerar shugabanci, amma ranar fita bishara ba ma kai mutum goma. A 1894 Walter Gowans ya mutu a Girku, Thomas Kent a Bida, suna neman kawo mana bishara. Mu kuwa ƙauyen bayan majami'armu ya gagare mu! Manzanni sun ƙi barin wa'azi saboda rabon abinci, suka ɗora wa mutum bakwai wannan hidima (Ayyukan Manzanni 6). Anko ba zunubi ba ne, amma ba shi ne aiken Yesu ba. Asabar mai zuwa mu fita. Ubangiji ya farkar da mu. Amin.